Yadda ake auna albashin manajan talla kafin a karɓi aiki a wani gari

Mutum biyu suna aiki iri ɗaya, muƙaminsu ɗaya: manajan talla. Ɗaya yana San Jose a jihar Kalifoniya, ɗayan yana wani gari a jihar Mississippi. Idan ka jera takardun albashinsu za ka ga tazara mai faɗi, har ka ji tausayin na biyun. Kada ka yi saurin tausaya masa. Sai an cire haraji an biya haya ake sanin wanda ya fi saura a aljihu. Ga yadda ake wannan lissafin. Zan yi misali da Amurka saboda alƙalumanta a buɗe suke ga kowa, amma hanyar tana aiki a duk ƙasar da ke da ofishin ƙididdiga.

Fara da tabbatar da wane aiki ake nufi. Kalmar "manaja" ta yi arha a tallan aiki. Ƙaramin kamfani zai kira mutum manajan talla alhali shi kaɗai ne a sashen, shi ke rubuta saƙonnin Facebook, shi ke ɗaukar hoto, ba ya da ko mutum ɗaya a ƙarƙashinsa. A ƙididdigar hukuma irin wannan ya fi kusa da rukunin ƙwararrun talla da masu nazarin kasuwa, kuma kuɗinsu daban ne. Manajan talla na ainihi shi ne wanda ke riƙe da kasafin kuɗi, yana tsara wa za a sayar wa haja da kuma a kan nawa, yana kuma jagorantar ma'aikata. Akwai kuma manajan sayarwa, wanda ke bin dillalai da masu saye kai tsaye. Mu a Hausa duk muna haɗa su mu ce tallace-tallace, amma a takardar albashi hanyarsu ta rabu. Saboda haka ka karanta bayanin aikin da kyau, ka tambaya: mutum nawa zan jagoranta, kuma nawa ne kasafin da zan riƙe?

Da ka gane rukuninka, nemi alƙaluman hukuma kafin na kowa. A Amurka ofishin ƙididdigar ma'aikata, wato BLS, shi ke fitar da su kowace shekara daga bayanan da kamfanoni ke bayarwa. A alƙalumansa na watan Mayun 2023, tsaka-tsakin albashin manajan talla dala 157,620 ne a shekara. Na ƙwararrun talla da masu nazarin kasuwa kuwa dala 74,680, wato bai kai rabi ba. Ka ga dalilin da ya sa na dage a kan matakin farko. A Birtaniya ofishin ONS ne ke yin irin wannan aiki. Shafuka irin su Glassdoor da Payscale suna da amfani, musamman wajen leƙa takamaiman kamfani, sai dai mutane ne ke shigar da albashinsu da kansu, kuma ba kowa ke faɗar gaskiya a kan kuɗi ba. Ni ina ɗaukarsu a matsayin shaida ta biyu.

A nan akwai wani tarko da ke kama mutane da yawa. Tsaka-tsakin albashi ma'anarsa a jera dukkan manajoji daga mai ƙarami zuwa mai babba, a ɗauki na wanda ya faɗo a tsakiya. Rabi suna samansa, rabi suna ƙasansa. Akwai wani adadin kuma da ake samu ta hanyar tara albashin kowa a raba da yawansu, kuma shi kan fi girma, don 'yan ƙalilan masu albashin ban mamaki suna jan shi sama. Idan wani shafi ya ba ka na farko don gari ɗaya, wani ya ba ka na biyu don wani gari, kwatancenka ya lalace tun daga tushe. Duba wanne ake nufi. Ka kuma duba iyakar ƙasa da ta sama: a alƙaluman 2023 na manajojin talla, kashi 10 cikin 100 na ƙasa ba su kai dala 80,000 ba, kashi 10 na sama kuma sun haura dala 239,200. Wanda yanzu ya hau kujerar ba a tsakiya zai fara ba.

Mataki na gaba, sauko daga ƙasa baki ɗaya zuwa jiha, daga jiha zuwa birni. BLS na raba alƙalumansa har zuwa manyan birane da kewayensu, kuma yankin San Jose da San Francisco da New York kan kasance a sahun gaba. Ba ruwan garin ne ya sa haka ba. Inda kamfanonin fasaha da na hada-hadar kuɗi suka taru, suna rige-rigen mutane ƙalilan, kuma hajar da ake tallatawa tana kawo riba mai yawa, don haka wanda ya iya tallata ta yana da tsada. Wannan na nufin wani lokaci masana'anta ce ke ɓoye a bayan sunan gari. Manajan talla a ƙungiyar agaji ko a ƙaramar makaranta da ke New York ba zai ga albashin da takwaransa na banki ke gani ba, ko da titi ɗaya suke bi zuwa ofis. In ka ga adadin birni, tambayi kanka ko irin kamfanin da ya kira ka yana cikin waɗanda suka ɗaga adadin.

Yanzu ga inda aikin yake: raba albashin da tsadar rayuwa. Wani ofishin gwamnatin Amurka, BEA, yana fitar da ma'aunin farashi na yankuna inda ƙasar baki ɗaya take a kan 100. Kalifoniya tana sama da 110, Mississippi da Arkansas suna ƙasa da 90. Lissafin ba ya buƙatar komai sai kalkuleta. A ɗauka, don misali kawai, an yi maka tayi biyu. Na farko dala 170,000 a birnin da ma'auninsa 115, na biyu dala 145,000 a birnin da ma'auninsa 95. Raba 170,000 da 1.15, za ka samu kusan 147,800. Raba 145,000 da 0.95, za ka samu kusan 152,600. Tayin da ya yi kama da ƙarami da dala 25,000 shi ne ya fi sayen kaya. Wanda bai yi wannan rabon ba, kallon kitse yake yi wa rogo.

Kada ka tsaya a ma'aunin kaɗai, domin na jama'a ne gaba ɗaya, kai kuma kana da naka halin. Mafi yawan bambancin tsada tsakanin birane daga gida yake fitowa. Farashin waya ko kwamfuta kusan ɗaya ne a ko'ina, haya ce ke tashi ta sauka. Gwauro mai iya zama a ɗaki ɗaya zai iya cin ribar babban birni ya tara kuɗi sosai. Mai iyali da yara uku, wanda ke buƙatar ɗakuna da makaranta da mai reno, lissafinsa kan juye. Buɗe shafin haya na birnin, nemi irin gidan da za ka zauna da gaske, a unguwar da za ka iya zuwa ofis daga cikinta, ka rubuta kuɗin shekara. Wannan lamba ɗaya ta fi kowane jadawali gaya maka gaskiya.

Sai haraji. Na tarayya iri ɗaya ne a duk Amurka, na jiha ne ke bambanta. Jihohin Texas da Florida da Washington da Nevada ba sa cire harajin jiha daga albashi. Kalifoniya tana cirewa, kuma ƙololuwar nata ya kai kashi 13.3 cikin 100 ga masu manyan kuɗi. Mazaunin birnin New York yana biyan na jiha, yana kuma biyan na birni a kai. Jihohin da ba sa taɓa albashi sukan rama ta harajin gida ko na saye, don haka kada ka ɗauka kyauta ce.

Idan kwatancen tsakanin ƙasashe biyu ne, canjin kuɗi kaɗai ba zai isa ba. Albashin manajojin talla a Birtaniya ya yi ƙasa da na Amurka sosai, har a Landan inda ya fi sauran ƙasar. Amma ma'aikacin cikakken lokaci a can doka ta ba shi hutun kwana 28 da biya a shekara, kuma yana da asibitin gwamnati. A Amurka babu dokar tarayya da ta tilasta hutu da biya, inshorar lafiya kuma yawanci ta wurin aiki take zuwa, ana cire wani kaso daga albashi. Saka waɗannan a ma'auni, tare da garaɓasar ƙarshen shekara, da hannun jari in kamfanin na bayarwa, da abin da yake zubawa a asusun fanshonka. Garaɓasar da aka ce "za ta iya kaiwa" kaza, ka tambayi nawa aka biya bara.

Masu aiki daga gida su ma ba su tsira daga taswira ba. A watan Mayun 2020 Mark Zuckerberg ya sanar da ma'aikatan Facebook cewa wanda ya koma zama wani gari za a daidaita albashinsa da inda ya koma. Kamfanoni da yawa suna da irin wannan tsari na rukunin garuruwa, wasu kuma suna biyan kuɗi ɗaya ko ina kake. Tambayi wanne ne nasu, kuma a rubuta maka.

Na ƙarshe shi ne ciniki. Jihar Colorado ta fara tilasta wa kamfanoni rubuta iyakar albashi a tallan aiki tun 2021, birnin New York ya biyo a Nuwamban 2022, Kalifoniya da Washington a Janairun 2023. Ko ba a waɗannan wurare kake nema ba, tallansu na nuna maka abin da kamfanin ke iya biya. Tara tallace-tallace biyar ko shida na aiki irin naka, ka haɗa da adadin BLS na birnin da kuɗin hayar da ka rubuta. Ranar da aka tambaye ka nawa kake so, faɗi iyaka daga kaza zuwa kaza, ka sa abin da za ka iya karɓa da gaske a matsayin na ƙasan, sannan ka nemi kwana biyu ka duba takardar kafin ka sa hannu.