Yadda ake gano tsagewar kankare da kebul mai jin motsi

Kebul ɗin da ake wannan aiki da shi ɗan'uwan na eriya ne: waya a tsakiya, Teflon (wani nau'in roba) ya rufe ta, sai ƙarfen waje. Bambancinsa shi ne ƙarfen wajen siriri ne kamar ƙyalle, aka naɗa shi kamar rawani, aka shafe shi da dalma sama-sama. Genda Chen da abokan aikinsa ne suka tsara shi a jami'ar Missouri-Rolla ta Amurka. Idan kankare ya tsage, sai naɗin ya buɗe daidai wurin, lantarkin da aka tura ya dawo da wata alama.

A fara da gano inda rodi da ringi suke kwance, don kada injin yanka ya taɓa su. Sai a yanka kwari mai faɗi da zurfin kusan milimita 13 a gefen da kankare ke miƙewa: ƙarƙashin bim (kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai) a tsakiyarsa, samansa kuma a kan ginshiƙi. A hure ƙura, a jiƙa wurin, a shimfiɗa kebul ba tare da lanƙwasa shi ba, a cike da ruwan siminti marar ƙanƙancewa. Nan ne aiki ya fi lalacewa. In simintin bai kama naɗin sosai ba, kebul zai zame a ciki, ginin ya tsage na'ura ba ta ji komai ba.

Bayan ya bushe, a haɗa bakin kebul da na'urar TDR (mai tura lantarki cikin kebul ta auna lokacin dawowarsa) ta mahaɗi mai om 50, a ɗauki awon farko a adana. Da shi za a riƙa gwada duk awon baya.

Lissafin wurin: a cikin Teflon lantarki na tafiyar kusan santimita 21 a nanosakan ɗaya (kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa). A ninka da lokacin da alamar ta ɗauka kafin ta dawo, a raba biyu, tunda zuwa da dawowa ne. Alamar da ta dawo a nanosakan 10 tana nufin tsaga a kusan mita 1.05. Tsayin alamar kuwa yana ƙaruwa da faɗin tsagar, amma sai an gwada kebul ɗin a ɗakin gwaji kafin a mai da shi milimita. In faɗin tsagar ya haura milimita 0.3, a kira injiniya.

Tsagogin da ke kusa da na'ura suna raunana alamar na nesa, don haka gara gajerun kebul da yawa da dogo ɗaya. A kuma rufe mahaɗin, damshi na ɓata awo.