Koyon sassan jiki da AR: inda ɗaliban likitanci ke tuntuɓe

Yau ɗalibin likitanci a Damagaram zai iya ɗaga salula, zuciya ta bayyana a kan teburinsa, ya juya ta, ya leƙa ɗakunanta 4. Ita ce AR, fasahar da ke ɗora hoton kwamfuta a kan abin da kyamara ke gani. Tana da amfani, amma sauƙinta kan ruɗi mutum.

Babban tarkon shi ne launi. A manhaja, galibi jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya ja ce, mai mayar da shi shuɗiya, mai kai saƙon ƙwaƙwalwa rawaya. (Mu a Hausa duk jijiya muke ce musu, abin da ke ƙara dagula lissafi.) A ɗakin tiyata kuwa ba wanda ya shafa musu fenti, kitse da tantani sun lulluɓe komai. Don haka duk sashen da ka gani a salula, nemi hotonsa na ainihin fiɗa ka gwama, sannan ka laluba shi a jikinka. Sa yatsu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa ka ji bugun jini. Shafa ƙashin ƙirji har ka ji ɗan tudun nan da ke daidai haƙarƙari na 2, daga nan ake fara ƙirge.

Sai ɗaukar cewa kowa haka cikinsa yake. Manhaja jiki ɗaya take nunawa, tsaf-tsaf, alhali ko apendis, ɗan ƙaramin reshen hanji, ba ya zama wuri guda, sau da yawa yana ɓuya bayan mafarin babban hanji. Tambayi malam inda aka fi samun bambanci.

Hagu da dama ma suna kayar da mutane, musamman in kyamarar gaba ta juya hoto kamar madubi. Daman majiyyaci ake nufi, ba naka ba: hanta a dama, saifa a hagu.

Kallo kuma ba karatu ba ne. Kashe sunayen da ke kan hoton, ka zana jijiyoyin kai 12 masu kai saƙon ƙwaƙwalwa a takarda da ka, aboki ya duba maka.

Na ƙarshe ƙarami ne amma yana ɓata darasi. AR na cin batir, a zafin Afrilu da Mayu kuwa salula kan ɗau zafi ta tsaya. Sauke darasin tun da dare lokacin da intanet ke da ƙarfi, ka cika caji, ka zauna a inuwa.