Darasi na Tara: Hanyoyin Maganin Sankarar Kaluluwa

Kowa ya san kaluluwa, wadda takan fito a matsematsi ko a hammata idan mutum ya ji rauni, ta kuma sace da kanta idan raunin ya warke. Amma idan ƙullutu ya fito a wuya ko hammata, ba ya zafi, ya yi makonni yana ƙara girma, ga zazzaɓi da rama da gumin dare mai jiƙa riga, to wajibi ne a je asibiti, domin mai yiwuwa sankarar kaluluwa ce, wadda likitoci ke kira limfoma. Kada a kai wa wanzami ya tsaga ko ya yi ƙaho.

Ba a fara magani sai an ciri ɗan yankin ƙullutun an bincika shi a ɗakin gwaji, saboda tarin fuka ma yakan kumbura kaluluwar wuya, kuma ita kanta sankarar iri-iri ce. Akwai wadda ake kira Hodgkin, akwai kuma sauran da ba ita ba. Cikinsu har da Burkitt, wadda aka fara bayyana ta a Uganda a 1958, mai kama yara a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, tana kumbura muƙamuƙi ko ciki da sauri. Akan kuma yi gwajin cutar ƙanjamau da ciwon hanta tukuna.

Babban magani shi ne kemo, wato magunguna masu ƙarfi da ake sa wa majiyyaci galibi ta jijiya, kamar ƙarin ruwa. A wani haɗin da aka fi amfani da shi, mai suna CHOP, ana karɓar maganin bayan kowane kwana 21, yawanci sau 6, kuma a wasu nau'o'in akan ƙara wani magani mai suna rituximab, sai dai yana da tsada. Ɗaya daga cikin magungunan ja ne, don haka fitsari yakan yi ja kwana ɗaya ko biyu, wannan ba jini ba ne. Gashin kai yakan zube, ya sake tsirowa bayan an gama. Abin da ba a wasa da shi shi ne zazzaɓi a lokacin kemo, domin garkuwar jiki ta yi rauni. Idan zafin jiki ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

Wasu akan haɗa musu da gashi, wato haska wurin ciwon da na'ura. Idan ciwon ya dawo, akan yi dashen ɓargo. Wanda nasa mai tafiyar hawainiya ne kuwa, likita yana iya cewa a sa ido kawai tukuna.

Mutane da yawa sun warke sarai daga wannan ciwo, musamman nau'in Hodgkin da Burkitt. Abin baƙin ciki shi ne, ƙullutun yakan sace bayan zagaye na farko ko na biyu, sai dangi su ce an samu lafiya, su daina komawa, alhali kuwa noman fari aka yi, saura maimai. Idan kuɗi ne suka yanke, a gaya wa likita gaskiya, a kuma nemi sashen jin daɗin majiyyata na asibitin, kada a ɓace shiru.

Aikin aji: kowane ɗalibi ya ɗauka cewa an ba majiyyaci kemo ranar 3 ga wata, ya lissafa kwana 21, sannan ya rubuta ranar komawa a littafinsa.