Kurakuran da ake yi da kalmomin zolaya na Kantonis

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe yana sintiri tsakanin Kano da birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya tsinci wasu kalmomin zolaya na Kantonis, harshen Guangzhou da Hong Kong da Makau. Tsintarsu ba wuya, sanin inda za a ajiye su ne aiki.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne fushi da abin da ba zagi ba. Wani ɗan'uwa zai ji an ce masa “so ju” (傻豬), a fassara masa da “wawan alade”, nan take ransa ya ɓaci. A kunnen Musulmi kalmar tana da nauyi, babu musu. Amma a can uwa ce ke faɗa wa ɗanta, saurayi ya faɗa wa budurwarsa, kamar yadda kaka ke ce wa jikanta “ja'iri”. In ba ka so, faɗa cikin fara'a cewa a wurinmu ba a kiran mutum da wannan dabba. Za a gane. Haka “dai tau ha” (大頭蝦), jatan lande mai ƙaton kai: mai mantuwa kawai ake nufi.

Akasin wannan ma na faruwa. “Ci sin” (黐線), wato wayoyi sun manne, ma'anarsa “ka taɓu”. Abokai na jefa wa juna ana dariya, sai mutum ya ɗauka ya jefa wa dattijon mai shago ranar da suka fara haɗuwa. Wasan Bakano da Bazazzagi ba a kai shi gaban suruki. Jira sai shi ya fara zolayarka.

Wanda kuma ya kamata ka kasa wa kunne shi ne “soi yu” (水魚). Wasu kan ji “kifin ruwa” su yi murmushi, alhali kififiya ce, kuma laƙabin wanda ake cuta a ciniki ne. Ka ji an ambace shi ana kallonka, sake duba farashin.

Sai karin sauti. Kantonis na da guda 6, kuma “gau” na lamba tara da wani “gau” na batsa sauti ne kawai ya raba su. “Ngong goi” (戇居), sakarai, yana dab da wani ashar mai wannan gaɓar, don haka mai koyo ya bar shi gaba ɗaya.

Kafin duk wannan, tambayi mai shagon daga ina yake. Da yawa a kasuwannin unguwar Sanyuanli ta Guangzhou daga wasu larduna suka zo, Mandarin, babban harshen Sin, suke yi, ba Kantonis ba.