Kafin ka ɗaure akwati: shawara ga ɗan Maraɗi mai tafiya karatun zanen gine-gine

Duk shekara, da sakamakon BAK ya fito, sai an turo mini yaro ɗaya ko biyu: "Je ka wajen yayanka, shi ya yi wannan karatun, ya faɗa maka abin da za ka saya." Yaro ya zo da takarda da biro yana jiran in karanto masa jerin kaya, ni kuwa rabin maganata a kan abin da ba zai saya ba take ƙarewa. To ƙanena, ko Lome ka nufa, makarantar zanen gine-gine ta EAMAU da Nijar ke cikin ƙasashen da suka haɗu suka mallaka, ko Rabat, ko Aljiyas, ko Faransa, ko nan Zariya, zauna ka ji.

Lokacin tafiyata, baffana, Allah ya jiƙansa, ya sa kafinta ya yi mini allon zane mai faɗin ƙyauren ɗaki. Muka biya kuɗin kaya a mota, na yi ta fama da shi a hanya. Da na isa na tarar kowane ɗalibi da teburinsa a atiliye, wato ɗakin aikin zane. Allon nan a kansa muka riƙa cin shinkafa har na gama shekarar farko. Saboda haka kada ka sayi babban abu sai ka ga jerin da makarantarka ta bayar, kuma ko ka gani, tambayi ƴan aji biyu tukuna. Su suka san abin da malami ke nema da gaske, kuma sau da yawa masu fita suna sayar da nasu da araha.

Ƙananan kaya dai ba laifi ka tafi da su. Fensir iri uku ya ishe ka: 2H don siririn layin farko, HB na yau da kullum, 2B don zanen hannu da inuwa. Gom mai laushi, ekar biyu, wato rula mai kusurwa uku, ɗaya mai kusurwa 45, ɗaya mai 30 da 60, kompa, da alƙaluman tawada masu baki 0.1 da 0.3 da 0.5. Kaurin layi magana ce a wannan sana'a: bangon da aka yanka da layi mai kauri ake nuna shi, abin da ke nesa da siriri, kuma malami daga bakin ƙofa yake gane wanda bai san wannan ba. Sai kuc, rula mai fuska uku da ke ɗauke da ma'aunai. A ma'aunin 1/100 santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a ƙasa, ɗaki mai mita 4 ya koma santimita 4. A 1/50 ya zama 8. Ka saba da wannan lissafin tun kana gida har ya zame maka kamar lissafin dala da jikka. Ka haɗa da mita ta ƙarfe irin ta magina, mai tsawon mita 5, wadda ba za ta rabu da aljihunka ba.

Wuƙar yanka kwali da rezojinta, da rular ƙarfe da ake yanka a jikinta, in jirgi za ka hau ka sa su cikin babban akwati. A jakar hannu karɓewa za a yi. Takarda kuwa, A3 ce ko A1 ko kalki mai shara-shara, bar ta, can za ka saya. Musamman mai zuwa bakin teku: mu da muka saba da bushewar hunturu ba mu san takarda na shan laima ba sai mun ga kwali ya lanƙwashe, gam ya ƙi bushewa, littafi ya yi fumfuna a cikin akwati.

Kwamfuta ita ce inda iyaye suka fi zubar da kuɗi, kuma inda aka fi yin gaggawa. Makarantu da yawa da hannu suke fara koyarwa, don haka wata ɗaya ko biyu ba tare da ita ba ba zai kashe ka ba. In lokacin saye ya yi, kada kyan jiki ko rashin nauyi ya ruɗe ka. Manhajojin zane irin su AutoCAD da SketchUp ba su cika wahalar da na'ura ba, amma Revit da ArchiCAD da manhajojin fitar da hoton gini suna son RAM giga 16 da katin hoto mai zaman kansa. Ka sayi linzami, don ba a zane da shafa yatsa. Kada kuma ka biya wani ya sa maka manhajar sata: kamfanonin Autodesk da Graphisoft, masu AutoCAD da Revit da ArchiCAD, suna ba ɗalibai lasisi kyauta in ka nuna shaidar makaranta. Aikinka kuwa ka ajiye shi wuri biyu, a kilen USB da kuma intanet. Na ga ƙato yana kuka da hawaye saura kwana biyu a miƙa aiki.

Abin da ba wanda ya faɗa mini shi ne kuɗin da ke zurarewa bayan an fara. Kowane aiki sai ka yi maket, ƙaramin samfurin ginin da kwali ko katako mai laushi, wani lokaci sau uku kafin malami ya yarda. Kowane miƙa aiki sai ka buga manyan takardu, mai launi kuma ya fi tsada nesa. Wannan ba a lissafa shi cikin kuɗin makaranta, bursi ma ba kullum take zuwa kan lokaci ba. Ka zauna da Baba tun yanzu ka yi masa bayani, kada ya ɗauka shashanci kake yi in ka bugo waya a tsakiyar wata. Mai zuwa Togo ya huta da canji, sefarmu ɗaya. Mai zuwa Faransa ya riƙa tuna yuro ɗaya kusan sefa 656 ne kafin ya ɗauki kwali na biyu. Kwalin da ƴan shago ke yarwa ma yana maket na gwaji, kada ka ji kunyar tsinta.

Takardu ba sai na tsawaita ba: fasfo, takardar haihuwa, shaidar BAK da makinta, kofe da yawa da aka buga wa hatimi, hotuna, da katin rigakafin shawara.

Yanzu ga kayan da babu shi a shagon kowace ƙasa. Sayi littafin zane marar layi, ka cika shi da Maraɗi kafin ka tafi. Fara da gidanku: auna zaure, tsakar gida, kaurin bango, faɗin ƙofa, ka zana shi kamar an yaye rufin kana kallo daga sama. Shiga unguwannin Bagalam da Mokoyo, ka zauna gaban fada ka zana. Nemi tsohon magini ka gaishe shi da ladabi, ka tambaye shi yadda ake jera tubali, yadda ake ɗora azara, abin da makuba ke yi wa bango, da dalilin da soron ƙasa ke da sanyi a watan Afrilu alhali ɗakin kwano ya zama tanda. Tambayi tsofaffi labarin ambaliyar 1945 da ta sa garin ya tashi daga kwarin Gulbi ya hau tudu da tituna miƙaƙƙu. Darasin tsara birni ne sukutum, kuma a kansa kake tafiya kullum. Ranar da malami zai ce kowa ya kawo ginin da ya sani, ƴan ajinku za su ruga intanet, kai kuwa ka buɗe littafinka.

Kada ka raina wannan. Masallacin Yama a jihar Tawa, na ƙasa ne, magini Falke Barmu ya fara shi a 1962, ya kuma ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1986. Francis Kéré na Burkina Faso da makarantar ƙauyensu Gando ya fara, ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022. Ke kuma ƙanwata, in an ce miki aikin maza ne, ki nemi hoton masallaci da ɗakin karatun garin Dandaji na Nijar, aikin Mariam Kamara da Yasaman Esmaili.

Saura abu ɗaya, shi kuwa tarbiyyarmu ce ke jawo shi. An koya mana in babba na magana a sunkuyar da kai. A gaban juri, malaman da ke duba aiki, shirun nan ana ɗaukarsa rashin sanin abin da ka zana. Za a kushe aikin da ka kwana uku a kansa, a gaban kowa, wani ma ya ɓalle rufin maket ɗinka don ya leƙa ciki. Ba cin mutunci ba ne, haka ake koyarwa. Ka ɗaga kai, ka faɗi dalilin da ya sa taga ke gabas ba yamma ba, ka rubuta gyaran da aka yi maka. Tun yanzu ka fara gwadawa: ka tara ƙannenka a zaure, ka manna zanen gidanku a bango, ka yi musu bayaninsa da Faransanci cikin minti biyar, ka bar su su yi maka tambaya.