Yadda mai juna biyu ko mai goyo za ta nemi maganin shaye-shaye a cibiyoyin gwamnati

Idan mace ta gane tana da ciki alhali jikinta ya saba da ƙwaya ko giya, abin da ya fi saurin zuwa mata a rai shi ne ta daina nan take, ta kuma yi hakan a ɓoye don kada kowa ya ji. Niyyar mai kyau ce, amma hanyar na iya jefa ta, ita da abin da ke cikinta, cikin hatsarin da ba ta zata ba. Akwai cibiyoyin da gwamnatoci ke ɗaukar nauyinsu domin irin wannan hali, wasu kyauta wasu da rangwame, sai dai mata ba su cika isa gare su ba. Rahoton shekarar 2024 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuffuka ya nuna cewa a cikin maza bakwai masu wannan larura ɗaya ne ke samun magani, a mata kuwa ɗaya ce cikin 18. Kunya, da tsoron a raba uwa da ɗanta, da rashin wanda za a bar wa yara, su ne manyan abubuwan da ke tare hanya, kuma kowannensu akwai yadda ake bi da shi.

Ƙofar da ta fi kusa da ke ita ce ɗakin awon ciki. Ungozoma ko likitan da ke duba ki ya san cibiyar gwamnati da ke yankinku, kuma takardar da zai rubuta ya tura ki da ita takan rage zirga-zirga. Tsarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila, tun shekarar 2013 ƙananan hukumomi ne ke biyan kuɗin wannan aiki, maganin kyauta ne, kuma mutum na iya kai kansa ba sai da takardar likita ba. A Amurka gwamnatin tarayya ce ke raba wa jihohi kuɗi, su kuma su biya cibiyoyi, ga kuma inshorar Medicaid ta masu ƙaramin ƙarfi. A ƙasashe da dama aikin yana ƙarƙashin sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na manyan asibitocin gwamnati, wanda hakan kan sa wasu su ja da baya, alhali tsari ne kawai na rabon aiki, ba hukunci ba ne a kan hankalin kowa.

Duk inda kika kira ko kika je, ki fara da cewa kina da ciki, tun kafin a tambaye ki. Dalili shi ne cibiyoyin gwamnati sukan cika, ana yin jerin masu jira, kuma mai juna biyu ana sa ta gaba. A Amurka wannan doka ce a rubuce: cibiyar da ke karɓar wancan kuɗi na tarayya dole ta fifita mai ciki, mai cikin da ke yi wa kanta allurar ƙwaya kuma ita ce a kan gaba, idan babu gurbi kuma dole a sama mata kulawar wucin gadi cikin awa 48. Ko a inda babu irin wannan doka, ki nemi a rubuta sunanki, ki tambayi ranar da za ki sake tuntuɓa da sunan ma'aikacin da ke riƙe da takardarki, sannan ki tambayi abin da za ki yi kafin lokacin. Kada ki yanke abin da kike sha da kanki saboda kina jira.

Zaman farko na tambayoyi ne, kuma a nan ne gaskiya ke da amfani fiye da ko'ina. Za a tambaye ki me kike sha, nawa a rana, ta wace hanya, haɗiya ko shaƙa ko allura, yaushe ne na ƙarshe, kuma me kike haɗawa da shi. Mutane sukan rage adadi saboda kunya, sai a auna musu maganin da bai ishe su ba, su kwana cikin wahala, washegari su koma wajen dillali. Ɓoye giya ko ƙwayar barci ya fi wannan muni, domin haɗuwarsu da maganin da za a ba ki na iya danne numfashi. Za a kuma nemi a gwada jininki domin ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, kuma ya kamata ki yarda, saboda akwai hanyoyin kare jariri daga yawancinsu idan an gano da wuri. Idan kina fama da baƙin ciki mai tsanani, ko ana dukan ki a gida, ki faɗa, domin cibiyar kirki tana ɗaukar waɗannan a matsayin ɓangaren jinyar.

Kina da haƙƙin tambaya, tun kafin ki buɗe baki, wa zai ga bayanan da za ki bayar kuma a wane hali ne za a sanar da hukumar kare yara. Ba zan ce miki babu abin tsoro ba, domin dokoki sun bambanta, wasu wuraren kuma suna da tsanani. A Amurka, alal misali, dokar tarayya ta shekarar 2016 ta wajabta sanar da hukuma idan an haifi jaririn da ƙwaya ta shafa, tare da tsara masa shirin kulawa shi da mahaifiyarsa. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, uwar da ta zo haihuwa da katin awo a cike da shaidar tana karɓar magani tana tsaye a wuri mai ƙarfi ƙwarai fiye da wadda aka gano halinta a ɗakin haihuwa. Don haka ki adana kowace takarda, ki kuma nemi a haɗa ki da jami'in walwalar jama'a na cibiyar tun da wuri.

Maganin da za a ba ki ya danganta da abin da jikinki ya saba da shi, kuma an fi samun rashin fahimta game da ƙwayoyi dangin ofiyam, wato hiroyin da kodin da tiramadol da makamantansu. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2014 ta ba da shawarar a ɗora mai ciki a kan metadon ko bufirenofin, magunguna biyu dangin ofiyam da likita ke bayarwa a madadin ƙwayar, ta ci gaba da sha kullum, maimakon a yi ƙoƙarin raba ta da ƙwaya gaba ɗaya a cikin 'yan kwanaki. Dangi sukan ce wannan musayar ƙwaya ce da ƙwaya, amma maganar ba haka take ba. Ƙwayar titi takan hau ta sauka a cikin jini sau da yawa a rana, duk saukar kuma uwa da ɗan tayi suna shiga ciwon yankewa, da zufa da amai da murɗar ciki, wanda ke iya kawo ɓari ko haihuwar bakwaini. Waɗannan magunguna biyu kuwa suna daɗewa a jiki, suna riƙe shi a daidai, ta yadda mace za ta iya cin abinci, ta yi barci, ta je awo. Babban aibin yankewa gaba ɗaya shi ne yawancin waɗanda suka yi haka sukan koma, kuma jikin da ya huta ba ya iya ɗaukar adadin da ya saba ɗauka a da, a nan ne ake rasa rayuka. Magungunan biyu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar tun shekarar 2005. Wani bincike da aka buga a shekarar 2010 ya gano cewa jariran matan da suka sha bufirenofin sun yi kwana 10 a asibiti a matsakaici, na masu metadon kuma kimanin 17, sai dai mata sun fi dagewa a kan metadon ba tare da sun bari ba, shi ya sa zaɓin ya rage tsakaninki da likita. Abu biyu ne za ki sani tun yanzu: ba a fara bufirenofin sai alamun yankewa sun soma bayyana, in ba haka ba zai jawo su da ƙarfi, sannan a watannin ƙarshe na ciki jiki yakan narkar da metadon da sauri, har a ƙara miki adadi ko a raba shi kashi biyu a rana. Ƙarin ba alamar kin gaza ba ce.

Giya hukuncinta daban ne. Babu wani adadi nata da aka tabbatar ba ya cutar da ɗan tayi, kuma illarta ga ƙwaƙwalwar yaro ta har abada ce, saboda haka manufa ita ce a daina gaba ɗaya. Amma wadda ke sha da yawa kullum, idan ta yanke farat ɗaya tana iya yin jijjiga irin ta farfaɗiya cikin kwana biyun farko, ko ta shiga ruɗewa mai kisa a kwana na uku ko na huɗu, don haka a gadon asibiti ake raba ta da ita. Ƙwayoyin barci irin su diyazefam su ma a hankali ake rage su. Hodar ibilis da tabar wiwi ba su da wani maganin da ake musanya su da shi, jinyarsu ta zaman ba da shawara ce da bibiya. Sigari kuma, wadda kowa ke mantawa da ita, tana rage nauyin jariri, ki ambace ta.

Sai zaɓin irin shirin da za ki shiga. Akwai na jeka-ka-dawo, inda za ki riƙa zuwa karɓar magani da zaman shawara kina kwana a gida, akwai kuma na kwana, na makonni ko watanni, wanda ya fi dacewa da wadda gidanta ne tushen matsalar. Ga mai goyo, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ko suna karɓar uwa tare da 'ya'yanta, kuma har zuwa shekara nawa, domin akwai cibiyoyin da aka kafa musamman don haka. Ki tambayi ko suna da mai renon yara a lokacin zama, ko suna taimakawa da kuɗin mota, ko akwai rukunin mata zalla, kuma ko suna magana kai tsaye da asibitin da za ki haihu. Wurin da ba shi da likita ko rajistar hukuma, ko wanda ake ɗaure mutane ana dukan su da sunan gyara, ba wurin jinya ba ne, balle ga mai ciki.

Kafin watan haihuwa ya kama, ki nemi a rubuta shirin haihuwarki, a ciki a bayyana maganin da kike sha da adadinsa. Ana ci gaba da ba ki shi a lokacin naƙuda da bayanta, kuma ba ya maye gurbin maganin rage zafi, saboda haka kina da damar neman ƙari kamar kowa. Jaririn yana iya nuna alamun yankewa, yawanci cikin kwana uku na farko, kamar kuka mai ƙara, da karkarwa, da ƙin barci, da wahalar tsotso, shi ya sa akan riƙe shi a asibiti na wasu kwanaki ana lura. Abin yana da ɗaci a idon uwa, amma ana magance shi yana wucewa, kuma babban maganinsa ke ce: ɗaki mai shiru da ƙarancin haske, ɗora shi a ƙirji fata da fata, naɗe shi a zane, da ba shi nono akai-akai. Wadda ta daidaita a kan metadon ko bufirenofin kuma ba ta shan wani abu daban ana ƙarfafa mata gwiwa ta shayar, idan kuma tana ɗauke da ƙanjamau sai ta bi shawarar likitanta.

Kuskuren da dangi da ita kanta uwar suka fi yi shi ne ɗaukar haihuwa a matsayin ƙarshen jinya. Shekarar farko bayan haihuwa ita ce lokacin da aka fi komawa, saboda rashin barci da baƙin cikin jego, ga kuma hankalin kowa ya koma kan jariri. Ki ci gaba da maganinki, kada ki rage sai tare da likita, ki kuma tattauna batun tazarar haihuwa tun kafin a sallame ki. Ki nemi nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwayar ofiyam ta danne wa numfashi, ki koya wa na kusa da ke yadda ake ba da shi. Aikinsa na minti 30 zuwa 90 ne kawai, don haka dole a garzaya asibiti ko da mutum ya farka, kuma ana ba mai ciki ma idan ranta na cikin hatsari. Metadon ɗin da aka ba ki ki kai gida ki kulle shi a inda hannun yaro ba zai kai ba, domin kurɓi ɗaya na iya kashe ƙaramin yaro, kuma kada ki kwanta da jariri a shimfiɗa ɗaya a daren da magani ya sa ki jin nauyin barci. Idan kuma kin zame kin sha, ki koma cibiyar a ranar ko washegari ki faɗa musu abin da kika sha da adadinsa, domin su duba ko maganinki ne bai ishe ki ba su gyara shi.