Yadda za ka auna harshenka wajen bambance gahawa

Muddin ka san abin da ke cikin kofi kafin ka kurɓa, sunan ne zai yanke maka hukunci tun harshe bai taɓa ba. Don haka nemi wani ya jera maka, ya sa alama a gindin kofuna inda ba za ka gani ba.

Gwajin da masu sana'ar ɗanɗana gahawa suka fi yarda da shi na kofi uku ne: biyu gahawa iri ɗaya, na ukun daban, kai kuma ka fitar da baren. A kowane kofi a zuba gram 8.25 na garin gahawa da ruwa mililita 150 mai zafin digiri 93, wato a sauke shi daga tafasa ya ɗan huce. A bar shi minti 4, a fasa abin da ya taso sama da cokali, a kwashe kumfar. Niƙa da gasawa su zo daidai, kofunan ma iri ɗaya. In ɗaya ya fi duhu, ido zai riga harshe ba da amsa, shi ya sa ake rage haske.

Ɗebo da cokali ka zuƙa da ƙarfi har ya yi ƙara, domin ruwan ya fantsama ƙamshi ya hau hanci ta baya. Ka tofar, ka ɗauraye cokali, sannan na gaba. Ka sake zagayowa bayan ya huce, lokacin ne tsami da zaƙi ke fitowa fili.

A lissafi ne mutane ke yaudarar kansu. Wanda bai ɗanɗana komai ba ma zai dace sau ɗaya cikin uku. Jera rukuni 6 na kofi uku-uku: cin 2 canki ne kawai, cin 4 ma sa'a kan ba da shi kusan sau ɗaya cikin goma. Sai ka kai 5 ko 6 za ka ce harshe ya yi aiki. Fara da masu nisa, kamar ta Habasha da ta Brazil, sannan ka matso zuwa biyu daga ƙasa guda.

In kana faɗuwa, koma tushe. A lita ɗaya-ɗaya ta ruwa narka sukari gram 10, gishiri gram 2, garin tsamin lemo rabin gram. Gane su ba tare da ka san wanne ne wanne ba, ka ninka ruwan ka sake. Da yawa kan kira tsami ɗaci, ko su haɗa ɗaci da bauri, alhali bauri bushewa ce da ke kama baki.

Kada ka gwada da mura, ko bayan goge baki, ko da turare a jiki. Rubuta amsarka kafin a ɗaga kofi, da kwanan wata, ka maimaita bayan mako guda da gahawar nan dai.